Fuskarmu Ni da Babba

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma an tambaye ni. Wata mata ce ta zo karɓar tabaran karatunta, ina daidaita mata shi a kan hanci, fuskata dab da tata, sai ta ce, "Baiwar Allah, rasuwa aka yi miki?" Na ce a'a. Ta ce, "Ayya, yi haƙuri, idon na gani." Na yi mata dariya irin ta mai shago, ta tafi da kayanta.

Da ta fita na tsaya gaban madubin kan kanta. Abin da ta gani ba ƙarya ba ne. Ƙasan idona ya cika ya zazzago, kamar an rataya min ƙananan jakunkuna biyu. Ko na yi barci ko ban yi ba, haka na ke tashi.

Duk wanda ke sayar da tabarau bai isa ya guje wa madubi ba. A bango, a kan kanta, a jikin ginshiƙi. Tun da ɗan mai shago ya karɓi ragama ya sa fararen fitilun nan kuwa, ko ƙurji ba ya ɓuya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na faɗa wa Babba a waya abin da matar ta ce. Dariya ta yi har da tari. Ta ce ita yaran ajinta ba su taɓa tambaya ba, sun ɗauka da shi ake haihuwar malamai.

Babba ke nan. 'Yan mintoci ta ba ni a fitowa duniya, amma ta riƙe girman nan har muka doshi sittin. Ita Babba, ni Ƙarama. Fuska ɗaya, har wushiryar. Jakunkunan ma tare suka zo mana, kamar mun yi oda. Ita ko a jikinta. Ni ce dai.

Mai gwajin idonmu ta ji ina wayar. Da muka tashi ta ja ni gefe ta ce akwai likitan da ke gyara irin wannan, ƙanwar mijinta ta yi. Na ce Allah ya kiyaye, tsofai-tsofai da ni. Na dai karɓi lambar.

Talata, 11 ga Maris

Na je.

Likitan mutum ne mai sanyin magana, hannunsa ma sanyi. Ya ja fatar idona ta ƙasa da ɗan yatsa ya saki, yana kallon yadda za ta koma. Ba ta yi saurin komawa ba. Ya ce kitsen da ke tallafe da ido ne ya turo gaba, fatar kuma ta saki, shekaru ne, da gado. Zai tsaga dab da gashin ido inda tabo zai ɓuya, ya rage kitsen, ya shimfiɗa saura, ya datse fatar da ta yi yawa. Ba za a sa ni dogon barci ba, allurar kashe wuri ce da abin kwantar da hankali.

Bai ɓoye min ba: kumburi, taruwar jini, bushewar ido, wani lokaci fatar ta janye ƙasa sai an sake gyara. Ya ce ba yarinya zai mayar da ni ba. Na ce ni ma ban ce ba, so na ke dai a daina yi min ta'aziyya.

Ya ce ranar sai na zo da wanda zai mayar da ni gida, ya kuma kwana biyu tare da ni. Wa na ke da shi? Miji ya daɗe a ƙasa, ɗa babu. Sai ita.

Asabar, 15 ga Maris

Na sami Babba a falonta ta baje littattafan yara tana maki da jan biro. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, har ta ce, "Ƙarama, faɗi abin da ya kawo ki, kin hana ni lissafi."

Na faɗa.

Ta ajiye biron. Ba ta yi dariya ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Wato fuskata ce ba kya so."

Na ce tawa na ce, ba taki ba.

"Wace ce taki? Nuna min inda tawa ta ƙare taki ta fara."

Daga nan na hau, ita ma ta hau. Na ce ita tana da miji da 'ya'ya da jikoki da yara aji guda masu sonta ko da ido ɗaya ne da ita, ni kuwa fuskar ce jarina, da ita na ke tsayawa gaban mutane tun safe. Na ce tun muna yara ba a taɓa kallona an gan ni ba, sai dai a ce wacce ce a ciki. Ban san wannan maganar tana cikina ba sai da ta fito.

Mijinta, wanda muke kira Alƙali don shi ke raba mu, ya leƙo ya ce yau kotu ba ta zama, ya koma ɗaki.

Ba ta raka ni ƙofa ba.

Laraba, 19 ga Maris

Shiru. Ni ma ban kira ba. Na sa a ba ni ranar aikin cikin hutun makaranta, ban san don me ba tunda ba zuwa za ta yi ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Gobe ne. Mai gwajin ido ta ce za ta raka ni. Na jera ƙanƙara a firji, na sayi ƙarin filo. Da la'asar aka buga ƙofa. Babba ce, da jakar kayanta da tukunyarta, wai tawa ba ta dafa abinci da daɗi. Ba ta ce komai a kan maganar ba, sai, "Matsa min, kin tare hanya."

Alhamis, 10 ga Afrilu

Sai yau na iya riƙe biro, shi ma a sace, tana wanka. An hana ni karatu da sunkuyo.

Abin da na ke son in rubuta kada in manta: muna zaune a ɗakin jira, nas ta fito da kyamara za ta ɗauki hotona na kafin aiki, ta tsaya tana kallon wannan tana kallon waccan. Ta ce, "Wacce ce a ciki?" Babba ta ce, "Duk wadda kika kama." Da aka gane, ta ce wa nas ɗin, "Kada ki wahalar da kanki da hoto, 'yata. Duk ran da kuke son ganin yadda take da, ku aiko a kira ni." Har likitan ya yi dariya.

Aikin kansa ban ji zafi ba. Na ji ana ja, na ji ƙaurin wani abu kamar gashi ya taɓa wuta, na ji suna hirar mota. Shi ke nan.

Yanzu kuwa kamar wadda aka yi wa dukan kasuwa. Baƙi, shuɗi, kumburi har kumatu. Babba ke naɗe ƙanƙara a tsumma ta ɗora min, ta shafa man a kan ɗinkin da ɗan auduga, tana mita. Ta tokare ni da filo uku kamar majinyaciyar gaske. In na motsa cikin barci sai in ji hannunta a kafaɗata, kada in kifa fuska. Rabon da mu kwana gado ɗaya tun kafin aurenta. Har yanzu tana jan bargo.

Litinin, 14 ga Afrilu

An cire zare. Ɗan tsikari ne kawai. Baƙin ya fara komawa ruwan ɗorawa. A mota Babba ta ɗaga baƙin tabaran da na sa ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta mayar min. Ta ce, "Ya iya ɗinki. Ko zai karɓi zanin makarantata?"

Asabar, 19 ga Afrilu

Ta koma gida. Kanta na ciwo kwana biyun nan, ta ce ƙarar firjina ce. Na ce ta sha maganin hawan jininta, ta ce in ji da idona.

A bakin ƙofa ta ce, "Maganar da kika yi ran nan, ta cewa ba a ganinki. Ni ina ganinki." Kafin in buɗe baki ta ce in dawo mata da murfin tukunyarta in na zo.

Gidan ya yi faɗi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na koma aiki. Ɗan mai shago ya ce hutu ya karɓe ni. Wani tsohon kwastoma ya ce, "Hajiya, me kike ci ne?" Babu wanda ya gane, sai mai gwajin ido da ke ta ƙifta min ido.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na tsaya ƙarƙashin farar fitilar nan da gangan. Wurin ya kwanta sumul, sai ɗan jan layi da kwalli zai rufe nan gaba. Idon yana bushewa da rana, ina ɗiga magani. Ni ce dai, amma kamar wadda ta samu labari mai daɗi.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun je sayen labule ni da Babba, na ɗakin Auta, 'yarta da ta yi aure bara. Mai shagon yana auna yadi ya ce da ni, "Kuna kama da yayar taki sosai."

Kama! Mu da ungozoma ta ɗaura wa zare a hannu don a bambance mu.

Babba ta ce, "Uwarta ce ni, ba ka gani ba?" Aka yi dariya. Amma a hanya ba ta yi surutu ba, ita da ba ta iya shiru. Ta jingina kai da gilashin mota. Na ce ko kan ne, ta ce rana ce.

Ni kuwa, Allah ya yafe min, can ƙasan raina akwai wani abu da ya yi fari da maganar mutumin.

Talata, 20 ga Mayu

Babba ta faɗi a aji, da alli a hannunta. Jijiya ce ta fashe a kai. Muna asibiti.

Laraba, 21 ga Mayu

Ba ta farka ba. Gefen bakinta ya karkace. Na riƙe hannunta wuni guda, ina faɗa mata murfin tukunyarta yana wurina, ta tashi ta karɓa.

Alhamis, 22 ga Mayu

Da hantsi ta cika.

Lahadi, 25 ga Mayu

Gidan cike. Ina zaune kusa da Auta, mutane na shigowa gaisuwa. Na lura da wani abu da ba na jin kowa ya lura: duk wanda ya shigo ya gan ni sai ya ɗan razana, ya sake dubawa, sannan ya nutsu. A duba na biyun ne suke gane ba ita ba ce. Da a da ne sai sun yi na uku.

Malaman makarantarsu sun zo, da wasu manyan mutane masu furfura da suka ce ita ta koya musu rubutu. Ɗaya ya durƙusa gabana yana kuka ya ce, "Malama," sai ya ɗago ya dube ni da kyau, ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya."

Alƙali ba ya kallona. In zai yi min magana bango yake kallo.

Laraba, 28 ga Mayu

Muna ninke kayanta ni da Auta, mu biyu a ɗaki. Na ji idonta a kaina. Na ɗago, tana kallona kamar mai neman abu a aljihun da ta san ta ajiye shi. Ta kalli goshina, ta kalli bakina, ta kalli idon. Sai ta ce, "Mama Ƙarama, da ba ki yi ba, da yanzu..."

Ta kama bakinta da hannu. Ta ce ba haka take nufi ba. Na ce na sani. Muka ci gaba da ninki.

Haka take nufi. Kuma gaskiyarta.

Talata, 3 ga Yuni

Na dawo gidana jiya. Sai a nan kukan ya zo, wanda ban yi a can ba. Na yi har na gaji.

Da safe na shiga banɗaki in wanke fuska, na ɗago, sai ga ta. Idon ya yi luhu-luhu, ƙasansa ya cika ya sauko yadda yake da. Babba ce sak, ranar da ta kwana tana haɗa sakamakon jarrabawa. Na riƙe bakin famfo. Na ce, "Kin sha maganin kuwa?" Da bakina na faɗa, da ƙarfi.

Kafin azahar kumburin ya saɓe, ta tafi.

Litinin, 16 ga Yuni

Wannan ba zan iya faɗa wa kowa ba. Da yamma na kan ɗauko hotunanmu, ko in saurari tsofaffin saƙonninta na murya, wanda take min faɗa a kan na manta ranar awon jini, har sai kukan ya zo. Ba don in huce ba. Don in gan ta da safe.

Yana aiki, amma kullum raguwa yake. Kamar idon ya fara sabawa.

A shago an koma tambayata ko lafiya. Yanzu in an ce rasuwa aka yi miki, sai in ce e, a wuce wurin.

Auta ba ta kira ba tun ran nan. Yayyenta maza suna kira, gaisuwa ce ta minti ɗaya. Ban ga laifinta ba. Ni ma da zan iya guje wa fuskar nan da na guje.

Laraba, 9 ga Yuli

Ranar komawa wurin likita. Da ƙyar na je.

Ya duba, ya ja, ya saki. Ya ce tabon ya kwanta, aiki ya yi kyau, sai dai ya ga ina murza idon, in daina. Nas ɗin nan ta shigo da fara'arta ta ce, "Ina Hajiya mai ban dariya? Ba ki zo mana da ita ba?"

Na faɗa musu.

Ban shirya tambayar ba, fitowa ta yi. Na ce, "Likita, ana iya mayarwa?"

Bai yi min kallon mahaukaciya ba, Allah ya saka masa. Ya ja kujera ya zauna. Ya ce abin da aka cire ya tafi, kuma ba zai taɓa lafiyayyen ido don ya ɓata shi ba. Ya ce amma tsufa bai tsaya ba, fata za ta sake saki a hankali. Na ce yaushe? Ya ce shekaru, wataƙila goma, wataƙila fiye.

A hanya na yi ta juya maganar. Ko ya dawo, fuskar 'yar saba'in zai samu. Babba ba ta taɓa yin saba'in ba. Daga nan gaba duk tsufan da zan yi, ni kaɗai zan yi shi, babu wanda zan kalla in ga yadda ya zauna min.

Nas ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce hoton da suka ɗauka kafin aiki yana nan, ko ina so. Na ce ta bar shi tukuna.

Juma'a, 18 ga Yuli

Alƙali ya zo shago, tabaransa ya karye a ƙafa. Ya ce ita ce ke kawo masa gyara, bai ma san inda ake bi ba sai da ya tambaya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ɗaura sabuwar ƙusa, na sa masa a fuska in ga ko ya zauna. Dole ya kalle ni, babu bango a kusa sai madubi.

Ya ce, "Ƙarama, in faɗa miki gaskiya? Da kin zauna yadda kike, ban san yadda zan iya zama wuri ɗaya da ke ba. Haka ya fi min sauƙi."

Ban san ko lallashi ba ne irin nasa. Na ce kotu ta yi adalci. Ya ɗan murmusa. Na hana shi biya, ya tafi yana gyara tabarau a hanci.

Wani na kuka da na canza, wani na godiya. Ni ina tsakiya.

Alhamis, 7 ga Agusta

Jiya Auta ta kira. Ina ganin sunanta na ɗauka. Ta yi ta gaisuwa, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, sannan ta ce tana da awo yau, mijinta ya yi tafiya, ko zan iya raka ta. Na ce awon me? Sai na gane da kaina. Na ce, "Ke! Wata nawa?" Ta ce huɗu. Ta ce ta so ta faɗa wa Mama ranar da ta faɗi a aji, tana jiran a tashi daga makaranta.

Na je. Layi dogo, benci mai tauri, mata da cikkuna kowacce da katinta. Ta ƙi cin komai tun safe, wai amai. Na fita na sayo mata biskit da ruwa, na tsaya a kanta sai da ta ci. Ta ce ni ma na iya takura. Na ce ba ki ga komai ba.

Da aka kira ta, ma'aikaciyar ta tare ni a ƙofa ta ce mutum ɗaya ke shiga, miji ko uwa. Na buɗe baki zan yi bayani, Auta ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Tare muke." Matar ta matsa.

Aka shafa mata wani mai a ciki, aka ɗora na'ura. Da farko shuuu kawai, sai ga shi, fat-fat-fat, da sauri kamar mai gudun kada a rufe ƙofar makaranta. Auta ta juyo ta kalle ni. Kallona ta yi, ba ta nemi komai ba. Ko dai ni ce na ga haka.

Na mayar da ita gida, na dafa mata shinkafa fara don ita kaɗai ke zama mata. Ɗakin da ta ce za ta sa gadon jariri yana kallon rana, sai an canza. Ba ta san komai ba yarinyar nan, ko yadda ake kwanciya ta gefe.

Ban ɗauko hotunan ba yau, na gaji. Ba wani abu ba ne, gajiya ce kawai.

Awo na gaba farkon wata ne. Na ce wa ɗan mai shago ya cire ni a aikin ranar.